Akwatin Kiɗan da Aka Hana Gilsu Taɓawa

Malama, kafin ki sa komai a takardar nan, fara sa godiya ga Ubangiji a sama, don shi ya ba ni 'ya'ya, ya kuma bar ni har na ga furfura a kansu. To, madalla. Kun ce kowace tsohuwa ta ba da labarin mutum ɗaya na garin nan a sa a littafin ƙauye. Ni na ɗana zan bayar, na biyun, Gilsu, mai gyaran kayan wuta a bakin kasuwar Nokdong. Ban san baƙi ba. Littafi Mai Tsarki ma riƙe shi kawai nake yi a coci don nauyinsa yana yi min daɗi a hannu. Amma abin da idona ya gani ba ya ɓace min.

'Ya'yana biyu ne. Hansu shi ne babba, sai Gilsu. Lokacin da na haifi Gilsu ubansu ba ya nan. Maigidana, Pyo Dokbe, mai kula da injin jirgin kamun kifi ne, irin jiragen nan da in sun tafi sai shekara biyu ko uku a sake ganinsu. A cikin ɗakin inji ya yi ƙuruciyarsa, a nan kuma ya baro rabin kunnensa.

Gilsu yana da shekara tara ubansa ya dawo daga wata doguwar tafiya da akwatin kiɗa. Daga Busan ya rungumo shi a cinya cikin bas, bai yarda an sa shi a bayan mota ba. Lasifikokin biyu kuwa motar kifi ce ta kawo su, kowace ta kai ƙuguna, sai da suka yi wata guda suna ƙarni. Akwatin fari ne kamar azurfa, da maɓallai a jere, da wasu allurai biyu a bayan gilashi waɗanda suke rawa in ana kiɗa. Ranar duk ƙauyen nan sai da ya zo gidanmu, takalma har bakin hanya. Maigida ya ware tsumma na musamman don goge shi. Ni da nake goge ko'ina a gidan a durƙushe, in na zo wurin sai in kewaye.

Hansu kallo ɗaya ya yi masa ya koma kan littafinsa. Gilsu kuwa a gaban alluran nan yake cin abinci.

Yana da shekara goma sha ɗaya, wata rana na dawo daga shanya ciyawar teku, ubansa yana bakin ruwa wurin abokansa, na tarar da yaron nan ya cire murfin akwatin. Ya jera ɓawon kawa a ƙasa, kowane ɓawo da nasa sukurun a ciki. Na ce, "Gilsu, so kake ka mayar da ni bazawara da mijina da rai?"

Ya ce, "Inna, so nake in ga wa yake kaɗa alluran."

Kafin ubansa ya shigo ya mayar da komai. Ya kunna, ya yi kiɗa lafiya lau. Sai dai sukuru ɗaya ya rage a cikin ɓawo, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, ya rasa inda ya fito. Muna cikin neman raminsa maigida ya turo ƙofa.

Da dukansa ya yi da ya fi sauƙi. Bai ɗaga hannu ba. Ya sunkuya ya ɗauki sukurun, ya duba shi, ya sa a aljihu. Ya ce, "Mutumin da zai kwance inji ya bar sukuru a waje, a jirgi ruwa muke jefa shi. Daga yau hannunka ba zai sake taɓa akwatin nan ba, muddin ina numfashi." Daga ranar ya sa masa suna Ɓarnau.

Ki san halin mijina: in ya faɗi magana, ko shi kansa ba ya iya ɗaga ta.

Hansu ya yi karatu, ya tafi Seoul, yanzu a wani babban kamfani yake, da kujera mai juyawa. Gilsu da ya gama sakandare ya ce shi karatu ya ishe shi. Ya tafi Gwangju koyon gyaran rediyo wurin wani dattijo mai faɗa, ya yi shekara huɗu yana kwana a bayan shago. Ya yi aikin soja, can ma rediyo suka ba shi yana gyarawa. Da ya dawo ya kama shago a kasuwa, tsakanin mai sayar da igiyar jirgi da mai tuyar kifi. Ya auri Okja, mai baki kamar ƙararrawar coci, amma zuciyarta fara.

In kin shiga shagonsa har gobe za ki ga ɓawon kawa a jere a kan teburi. In aka kawo masa abu, ba ya buɗewa tukuna. Sai ya kai hanci ya sansana, ya kai kunne ya saurara, sannan ya tambayi mai shi, "Me ya yi kafin ya mutu?" kamar mai tambayar dangin mara lafiya. In ya gama gyara kuma sai ya kifa ɓawon ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kaya, don ya ga babu abin da ya rage. Mutane suna ɗauka salo ne. Ni na san daga inda abin ya samo.

Ba jirgin da ke tashar nan da bai taɓa rediyonsa ba. Lasifikar mai unguwa da ake sanarwa da ita, shi ne. Makirufon cocinmu, shi ne, kuma ba ya karɓar ko ruwan sha, ko da yake shi sai ranar Kirsimeti yake shiga ciki, wannan kuwa ina kan yi masa addu'a. Yanzu da mutane suka daina gyara, abu ya lalace a jefar a sayi sabo, tukunyar dafa shinkafa da bargon lantarki na tsofaffi su suka riƙe shi. Bai taɓa kuka da hakan ba.

Amma akwatin ubansa, ko da gefen riga bai taɓa shi ba. Sau biyu akwatin ya yi ciwo a shekarun nan. Maigida ya naɗe shi a bargo, ya goya, ya wuce ta ƙofar shagon ɗansa, ya hau bas har Suncon wurin wani mai gyara. Gilsu yana tsaye a ƙofa ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "A dawo lafiya, Baba." Daga baya Okja ta tsegunta min cewa mai gyaran Suncon ɗin waya yake bugo wa Gilsu a ɓoye yana tambayarsa yadda zai yi. Na yi dariya har na ji tsoron zunubi.

Shi wannan mutumin Suncon shi ya haɗa mana tsohon talabijin da akwatin, da waya biyu, ja da fara. To, da haka maigida yake jin labarai. Muryar lasifikokin nan tana da kauri, tana bi ta ƙasa ta hau masa ƙashi. Likita ya ba shi abin sawa a kunne, ya ce yana yi masa fito kamar iskar hunturu, ya jefa a aljihun tebur.

Bara da kaka maigida ya cika tamanin. Hansu ya aiko da sabon talabijin, faɗinsa kamar ƙofa, kaurinsa bai fi tafin hannuna ba. Mutum biyu suka zo suka kafa shi a bango, suka tafi da tsohon. Ɗaya ya ɗaga wayoyin nan ja da fara ya duba, ya ce, "Kaka, wannan ba shi da wurin waɗannan. Zamaninsu ya wuce. Ku fitar da tsohon akwatin nan, a sayi 'yar doguwar lasifika ta zamani."

Maigida ya naɗe wayoyin ya tura bayan akwati.

Hoton kam ba a magana, har gashin hancin mai karanta labarai kina gani. Amma muryar siririya ce, kuma bango take yi wa magana, ba mu ba. Ni ina ji. Shi ko an ƙure ta ba ya tsintar komai. Sai ya zauna a gabansa yana gyaɗa kai. In na ce, "Baban Hansu, me suka ce?" sai ya ce, "Ruwa gobe." Kullum ruwa gobe. In Hansu ya bugo waya kuwa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Ba irinsa a ƙauyen nan." Kin san mu, abin da ɗa ya kawo da hannu biyu ba a cewa yana da aibi.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, ki rubuta shi daidai, kada ki rage.

Wata safiya bayan na dawo daga addu'ar asuba ina goge bango, sai na ga wani ɗan jan ɗigo a jikin takardar bango, a bayan talabijin. Na goge, bai fita ba. Na manna kumatuna a bango na leƙa. Sai ga wani ɗan rami a bayan talabijin ɗin, jan haske yana fitowa daga ciki kamar garwashi. Na ce shi ke nan, abin nan a fashe aka kawo shi, wuta ce take yoyo. In na faɗa, na kunyata Hansu, a ce ya saya wa ubansa fasasshen kaya. In na yi shiru, gida ya kama da wuta.

To, ni da me na san ana toshe rami? Tun ina yarinya in takardar ƙofa ta huje, shinkafa dafaffiya muke murzawa mu liƙe. Na je tukunya. Muna gauraya shinkafarmu da baƙar shinkafa saboda ciwon sukarin maigida, sai na tsinci baƙaƙen don kada a gane. Hannuna siriri ne, ya shiga bayan. Na tura ƙwaya uku da tsinken gashina, na danna da babban yatsa. Hasken ya ɗauke. Na yi wa Ubangiji godiya da ya nuna min da wuri, na ci gaba da shara.

Da bazara ta shigo, mutanen talabijin suka zo gundumarmu da gasar waƙa, suka kafa dandali a filin tasha. Tsofaffin zauren hutawa suka zuga maigida, wai a jirgi shi ne mawaƙinsu. Ya sa kwat ɗinsa ta bikin Hansu, ya hau, ya yi. Aka ce za a nuna ranar Lahadi ta uku, da sha biyu da ɗan wani abu. Nan take maƙwabciyata 'Yar Bosong ta sanar wa duniya cewa a gidanmu za a kalla, tunda mu ne masu talabijin kamar ƙofa.

Daga ranar maigida ya rage cin abinci. Na san dalili. Za a cika masa ɗaki, kowa ya ji waƙarsa, shi kaɗai ya zauna yana kallon bakinsa yana motsi.

Na bar shi kwana goma. Ranar nan na ajiye masa miya na ce, "Baban Hansu, ka kira mutumin Suncon mana."

"Ya rasu bara."

"Allah ya ji ƙansa. To, akwai wani mai gyara a kasuwa, an ce ya iya."

"Wa?"

"Wani ne, ni na haife shi."

Ya ajiye cokali. "Uwar Hansu, na yi magana."

"Ka yi. Yaron da ka yi wa ita yanzu shekararsa hamsin da biyu, da tabarau yake karatu."

"Ban ji ba."

"Wannan kam ka ji."

Ya juya min baya. Ban ƙara ba, na kai maganar inda nake kai maganganuna, kowace asuba. Sai ranar Asabar da yamma, yana sa takalmi a bakin ƙofa, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ki ce wa wancan ya zo gobe da safe. Bayan akwatin kawai zai taɓa, inda wayoyi suke. Fuskar ba ruwansa da ita."

Ban tsaya cire rigar girki ba na hau bas. Da na faɗa wa Gilsu, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ɗan baƙin akwati kamar kwalin ashana da wata siririyar waya a naɗe.

Ya ce, "Tun satin da aka kafa talabijin ɗin na saye shi, Inna."

"Mene ne?"

"Tafinta ne. Sabon talabijin da haske yake magana, akwatin Baba kuma wutar lantarki kawai yake ji. Wannan zai tsaya a tsakani, ya ji na wancan ya faɗa wa wannan."

Da ina da kai, a nan ya kamata in tuna. Amma ni hankalina yana kan fuskarsa. Okja ta ce, "Inna, ku dubi ɗanku, kamar wanda za a kai gaisuwar surukai." Ya ce mata ta je ta duba tukunyarta.

Ranar Lahadi na tafi sujada kamar kullum. Ban taɓa fashi ba, ba kuma zan fara saboda talabijin ba. Amma gaskiya abin da fasto ya faɗa ranar ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Ana cewa amin na fito da sauri.

Na tarar da takalma har bakin hanya, kamar ranar da aka kawo akwatin. Hansu ma ya taso daga Seoul tun da duhu, yana zaune kusa da ubansa. Tsofaffi sun cika ɗaki, an fara zagayawa da giyar shinkafa, abin da ba na so a gidana ranar Ubangiji, amma na kau da kai. Gilsu kuwa yana tsaye ya manna kumatu a bango, hannunsa ya maƙale a bayan talabijin, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

'Yar Bosong ta ce min, "'Yar Henam, zo ki ga ɗanki, tun ɗazu yake rungume da bango. Ko matarsa ba ya riƙewa haka."

Okja ta ce, "Bangon ya fi ni haƙuri ne."

Aka yi dariya. Maigida bai yi ba. Ya harɗe ƙafa yana kallon agogo. Saura minti ashirin.

Na shiga kicin in ɗora miya, Gilsu ya biyo ni kamar zai sha ruwa. Ya rage murya ya ce, "Inna, akwai matsala. Akwai ramin da sauti yake fita, wayar ta ƙi shiga, kuma ya kamata a ga haske a wurin, babu. Ina jin talabijin ɗin ne ya zo da lahani."

"To, ka faɗa mana."

"A gaban mutane? In ce kyautar Yaya ce mara kyau, yana zaune? A'a."

Kafin in buɗe baki ya fita. Na biyo shi da ludayi a hannu. Ya je gaban ubansa ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda zai ji, ya ce, "Baba, na kasa. Ku yi haƙuri."

Maigida ya dube shi, ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Dama na sani."

Malama, a nan ne abin ya faɗo min. Rami. Haske. Na ji kamar an zuba min ruwan teku a baya. Shaiɗan ya ce min, yi shiru, wa ya gan ki? Kwana uku za a yi ana yi miki dariya a zaure, a'a, har ki mutu. Sai na dubi ƙeyar ɗana, da furfurarsa, a durƙushe.

Na ce, "Gilsu, hasken nan ja ne?"

Ya ɗago. "Ja ne, Inna. Kin taɓa ganinsa?"

"Na gan shi. Na toshe shi."

"Da me?"

"Da shinkafa."

Maigida ya kama kunne ya ce, "Me ta ce?" Hansu ya sunkuya ya faɗa masa a kunne da ƙarfi, "Wai shinkafa ta sa a cikin talabijin, Baba."

'Yar Bosong ce ta fara dariya. Ta faɗi gefe tana dukan ƙasa. "Shekara hamsin ina cewa matar nan ba baƙon da zai shiga gidanta ya fita da yunwa. Ashe har talabijin. Kin haɗa masa da kimci, kabejin nan namu mai yaji?"

Na ce, "Na ga wuta tana yoyo ne. Ban so a ce Hansu ya sayo fasasshe ba."

Hansu ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Inna, to ai da kin faɗa min. Baba, kai kuma wata bakwai ba ka jin komai kana ce min ya yi kyau?"

Maigida ya ce, "Hoton ya yi kyau."

Gilsu ya riga ya miƙe. Muryarsa ta canja, ta koma irin ta shago. "Yaya, cire kwat ɗin nan ka kama wancan gefen. Ɗagawa za mu yi sama, sannan mu jawo. Okja, bargo a ƙasa. Inna, ruwan ɗumi da auduga, da tsinken da kika yi aikin da shi."

Suka sauke shi suka kifa a kan bargo. Shinkafar ta bushe ta zama dutse. Gilsu ya kwanta rub da ciki, ya ce wani ya haska masa. Mai unguwa ya miƙo hannu zai karɓi tocilan, sai maigida ya riga shi. Ya ja jiki ya matso, ya durƙusa kusa da kan ɗansa, ya riƙe.

"Ƙasa kaɗan, Baba."

Ya yi ƙasa.

"Hagu. Yawwa, nan."

Ya ɗiga ruwa a auduga, ya dangwala, ya jira, ya sa tsinke a hankali kamar mai cire ƙaya a ido. Ƙwaya ta farko ta fito. Ya sa ta a cikin ɓawon kawa, don ya zo da su a aljihu. Ta biyu ta fito.

"Nawa kika sa, Inna?"

"Uku."

"Kin tabbata?"

"Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki na sa su. Uku ne."

Fasto ya ce min daga baya wannan ba daidai ba ne, na kuma tuba. Amma dai uku ne. Da ta ukun ta fito ya goge wurin ya busar, aka jona wuta, sai ga jan hasken nan ya leƙo. Ya tura siririyar wayar, ta shiga, na ji ta ce ƙyas. Ba su ma tsaya mayar da talabijin bango ba, suka jingina shi. Ya kai ɗaya bakin wayar cikin tafintan, ya ɗauko tsofaffin wayoyin nan ja da fara daga bayan akwati, ya soka. Ya ɗauki rimot ya shiga wani wuri ya canja wani abu. Aka kunna akwati. Shiru.

Gilsu ya miƙe, ya mayar da hannu biyu baya, ya tsaya a gaban akwatin. Ya ce, "Baba, saura fuskar. Maɓalli na uku, a juya shi dama sau ɗaya."

Maigida ya dubi maɓallin. Maɓallin da zai iya samu ido a rufe. Ya ce, "Idona ba ya gani sosai yau. Juya."

Gilsu ya goge yatsunsa a wando. Ya juya.

Alluran nan suka yi tsalle. Ganga ta buga, gilashin taga ya amsa, kwanukan kicin suka yi ƙara, karen 'Yar Bosong da ke waje ya ruga gida. Daidai lokacin mai gabatarwa yana gaishe da mutanen gundumarmu. Maigida ya miƙe zaune, ya ce, "Ashe mutumin nan da murya yake."

Maigida ne na bakwai a masu waƙa. Ga shi nan ya cika bango da kwat ɗinsa, ya riƙe makirufo da hannu biyu kamar mai jan igiya. Ya fara. Masu kiɗa suna gabas, shi yana yamma. Baiti biyu ya yi aka buga masa ƙararrawar sauka, shi kuwa bai ji ba, ya ci gaba, sai da mai gabatarwa ya zo ya rungume shi ya karɓe makirufon. Ɗaki ya kece da tafi.

Maigida ya juyo ya ce min, "Uwar Hansu, haka muryata take?"

Na ce, "Haka take."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo ni."

Ya ce, "Kin yi haƙuri." Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin a kafa talabijin ɗin nan.

Aka ci, aka sha, aka watse wajen ƙarfe uku. Hansu da Gilsu suka mayar da talabijin bango. Gilsu ya naɗe kayansa, ya kifa ɓawon kawarsa ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya rusuna zai tafi. Maigida ya ce ya dakata. Ya jawo aljihun teburin da yake ajiye abin kunnensa, ya fito da wani tsohon gwangwanin magani, ya buɗe. Ya ɗauko wani abu ya ajiye a cikin ɓawo ɗaya, ya tura masa.

Sukurun nan ne. Shekara arba'in da ɗaya.

Ya ce, "Allurar hagu tana ɗan jinkiri tun hunturun bara. In ka samu lokaci ka buɗe ka duba. Ka mayar da wannan inda ka ciro shi."

Gilsu ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na san wurin, Baba. Na gano shi ina shekara sha tara. A ƙasa ne, kusa da ƙafar baya."

"To, me ya hana ka faɗa?"

"Ba ku tambaya ba."

Ranar Laraba ya zo ya buɗe shi, uban yana riƙe masa tocila yana gaya masa yadda ake yi a jirgi. Har yanzu Ɓarnau yake ce masa, sai dai yanzu in ya faɗa, kifi yake tura masa a kwano. Ni kuma sunana a zaure ya koma Mai Ciyar da Talabijin, kuma an hana ni goge bayan bangon nan, Gilsu ne ya kafa dokar, ya ce muddin yana numfashi.

Ki tsaya a nan, Malama. Ki karanta min inda aka sa sunansa in ga yadda yake a rubuce.